An Rage wa Nas Murya

A gidan Nas akwai ɗaki ɗaya da ba a shiga sai da izini, kuma shi ne ɗakin da ya fi kowanne haske. Taga biyu gare shi, manya. Mijinta ya ƙwace shi tun ranar da suka sauke kaya a gidan, ya ce nan zai riƙa zane.

Mutanen layinsu Injiniya suke kiransa, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Aikinsa a ofis shi ne zana taswirar gine-gine, da can da rula da fensir, yanzu da kwamfuta, in ya gama injiniyoyin gaske su sa hannu a ƙasa. Sai dai a ransa ba wannan ne aikinsa ba. Shi mai zanen fenti ne, irin waɗanda ake rataye aikinsu a bango, mutane su tsaya a gaba su harɗe hannu suna gyaɗa kai.

Kayan aiki kam ba a cewa komai. Ga katako mai ƙafa uku na jingina zane, ga farin ƙyalle an ɗame shi tam a jikin firam, ga buroshi manya da ƙanana cike da gwangwani, ga fenti kala-kala, har da kalolin da Nas ba ta taɓa gani ba duk da shekarun da ta yi tana duba fitsarin marasa lafiya. Abu ɗaya ne kawai ya rage a ɗakin, shi ne zanen. Yaransu suka yi rarrafe, suka yi makaranta, suka kama gabansu, ƙyallen nan yana nan fari fat yadda aka sayo shi.

Duk ranar Asabar Injiniya zai sa wata tsohuwar riga da ya ware don kada fenti ya ɓata masa kayan kirki, rigar da ko ɗigo babu a jikinta. Ya shiga ya rufe ƙofa. Daga falo Nas tana jin ƙarar jan kujera, an kai ta bakin taga, an dawo da ita. Can sai ya fito ya wanke buroshin da bai taɓa komai ba, ya ce hasken yau bai yi ba.

"Sannu da aiki, Yallaɓai," in ji Nas. "Na leƙa na ga na wancan makon. Farar mage ce ta faɗa cikin madara ko? Wallahi ya yi kyau, kamar ka taɓa."

Shi dai sai ya yi murmushi ya wuce.

Nas ba muguwa ba ce, baki ne da ita. A asibitin da take aiki kowa ya san haka. Ƙaton namiji zai zo yana zille wa allura, kalma biyu za ta jefa masa ya miƙo hannu da kansa don dai ta yi shiru. A gida kuwa ta ɗauki maganarta a matsayin gishirin zama. Tana faɗa ana dariya, har shi Injiniyan yana taya su, to ina laifin?

Abin da ya tayar mata da hankali shi ne ritaya. Ranar da ya dawo ya ce saura 'yan watanni ya ajiye aiki, sai ta hango rayuwarta a gaba: mutum yana jan kujera yana wanke buroshi kullum, ba Asabar kaɗai ba, har ƙarshen zamansu. Ta kai kukanta wurin wata abokiyar aikinta ta ɗakin magani. Ita ce ta ba ta labarin wata likitar ƙwaƙwalwa da ta raba ƙaninta da taba. Ba ƙwaya, ba allura. Kwantar da mutum take yi a kujera, ta yi ta yi masa magana a hankali har ya shiga wani hali, shi ba barci ba shi ba farke ba, sannan ta taimaka masa ya zauna da abin da yake tsoro har ya daina razana shi. Ta ce har mawaƙa da masu zane suna zuwa wurinta in abin ya ƙi fitowa.

"Wato dai gyangyaɗi ake sayarwa," in ji Nas. "Mu da muke yin sa kyauta a bakin aiki ashe asara muke tafkawa."

Ta faɗi haka, amma ta karɓi lambar, kafin ta tashi daga aiki kuma har ta kama wa mijinta rana.

Injiniya ya ƙi. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

"Wa ya ce kai mahaukaci ne? Mahaukaci ai yana taɓuka wani abu. Ka bar shi da fenti ka ga in bango zai kwana fari."

Ya tafi. Da ya dawo ta tare shi tun daga ƙofa tana son jin yadda aka yi. Ya ce kujera ce mai laushi da ke kwantawa baya. Likitar ta sa shi ya lumshe ido, ya riƙa sauraren numfashinsa, sannan ta ce ya ɗauka yana sauka a kan wata matakala sannu a hankali, kowane taki jikinsa yana ƙara saki.

"Matakalar ta cika ƙa'ida kuwa? Ka auna?"

"Ta ɗan yi tsaye da yawa," in ji shi da gaske. "Amma ban ce mata komai ba."

Ya koma, ya sake komawa. Babu abin da ya canza sai dai yana dawowa da fuska sumul kamar wanda aka yi wa guga. Nas har ta fara shirya abin da za ta faɗa wa abokiyar aikinta. Sai wata ranar Laraba da yamma ta dawo daga asibiti, tana buɗe ƙofa wani wari mai hawa kai ya buge ta. Ta ɗauka gas ne ke zuba, ta ruga kicin. Ba daga nan ba ne. Ƙofar ɗakin nan mai taga biyu a buɗe take, ga Injiniya a tsaye da kayan ofis, takalmi ma bai cire ba, farar rigarsa mai kyau ta sha shuɗi har gwiwar hannu. Ƙyallen da ya ga tashin yaransu duka ya tashi daga fari. Abin da ya koma ne dai ba ta iya faɗa ba.

Ta buɗe baki, maganar tana kan harshenta, mai kyau ce kuwa. Ganin yadda yake huci kamar wanda ya yi tsere sai ta haɗiye, ta ce a ranta a bar shi yau ɗaya.

A wurin cin abinci ne ya ba ta labarin, yana ci da hannun da bai gama wankuwa ba.

"Ta tambaye ni in na ɗaga buroshi me nake ji. Na ce wata murya nake ji tana dariya. Ta ce in saurara da kyau, muryar wa ce."

"Malaminku na firamare," in ji Nas. "Duk haka suke cewa. Bawan Allah yana can kabari ana ta ɗora masa."

"Ni ma shi na yi tsammani." Ya kurɓi ruwa. "Taki ce."

Nas ta ajiye cokali.

"Sai ta ce in ɗauki muryar in sa ta a cikin rediyo, irin tsohon nan mai abin murɗawa. Ta ce ba sai na kashe ba, tunda mai muryar tana da girma a wurina. In rage kawai." Ya ɗaga yatsu biyu ya murɗa iska a hankali zuwa hagu. "Shi ke nan. Na rage ki."

"Ka rage ni."

"Kaɗan."

Ya faɗe shi cikin fara'a, kamar mai ba da labarin an gyara famfo. Ko alamar ramuwa babu a fuskarsa, wannan kuwa shi ya fi yi mata ciwo. Da faɗa ne ta san inda za ta kama. Ta kwashe kwanuka ta kai kicin, ta daɗe tana wanke faranti ɗaya. Ita da ta nemo likitar, ita da ta kama masa rana, ita ce kuma aka gano ciwon.

Daga ranar gidan ya shiga wani hali. Tsoro ya bar Injiniya gaba ɗaya, ya tafi bai bar ko ɗan kaɗan na amfanin gida ba. Ya zana kujerar falo, ya zana bishiyar maƙwabta, ya zana maƙwabcin. Ɗakin ya cika, zane ya fito baranda, ya shiga falo, ya hau kan firji. Mutum ya tashi zuwa banɗaki sai ya bi ta tsakanin fuskoki suna kallonsa. Matsalar ita ce hannun da ya yi shekaru yana zana gini bai san wani abu ba sai gini. Duk wanda Injiniya ya zana sai ya fito da kusurwa huɗu, kafaɗa a miƙe kamar an ɗora mata ma'auni, wuya kamar ginshiƙi. Mutanensa duk za su iya ɗaukar bene a ka ba tare da sun tsage ba.

In Nas ta ce wani abu, sai ya dube ta da ƙauna, ya ɗaga yatsun nan biyu ya murɗa, ya ci gaba da aikinsa yana 'yar waƙa. Ta gwada yin shiru na kwanaki don ya ji a jikinsa. Bai lura ba, ita ce ma ciwon kai ya kama. Ta gwada yabo. Ta tsaya gaban wani abu mai kama da gareji da aka ce mata maƙwabcinsu ne, ta ce, "Ya yi kyau." Kalmar ta fito mata kamar ta tauna ƙwaya mai ɗaci. Ya juyo ya ƙare mata kallo.

"Ba ki da lafiya ne?"

Ana nan sai yayarsa ta zo ziyara. Ita ce babbarsu, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe kallon yaro take yi masa. Injiniya ya zaunar da ita a falo, ya ce ta rufe ido, ya kinkimo wani zane ya jingina a gabanta.

Yaya ta buɗe ido, ta gyara gilashi, ta daɗe tana kallo.

"Tankin ruwan unguwarku ne? Ai kuwa ka iya. Har da tagogi."

"Ke ce, Yaya. Wannan gilashinki ne."

Yaya ta goge gilashin ta sake dubawa. Ya ce kyauta ce, zai sa a kai mata gida a rataye a falo inda baƙi za su gani. Da ya shiga ciki neman igiya sai ta jawo Nas kicin ta rufe ƙofa.

"Ke kika kai shi ko?"

"Ni ce, Yaya."

"To ki koma ki ce a rage. Ba a ce a cire duka ba, a bar masa daidai na mutane. Yaron nan da kunyarsa na san shi. Jikokina suna zuwa gidana, in suka ga wannan a bango wa zai iya da kukansu?"

Nas dama neman dalili take yi. Washegari da ta tashi daga aiki ko kayan asibiti ba ta cire ba ta nufi ofishin likitar. Ta yi zaton za ta tarar da ɗaki mai duhu da hayaƙi da wata mata mai manyan idanu. Sai ta tarar da ɗaki fes mai labule ruwan toka, da tukunyar fure a taga, da wata 'yar siririyar mata mai furfura a gaban goshi, muryarta ƙasa-ƙasa kamar ba ta taɓa kiran kowa daga nesa ba. Kujera biyu ce a ɗakin, ɗaya ta likitar, ɗaya mai kwantawar nan. Dole Nas ta zauna a kanta, a baki-baki, jaka a cinya.

"Ni ce rediyon," in ji ta.

Likitar ta yi ɗan murmushi. Ta ce ba za ta iya tattauna abin da wani ya faɗa a ɗakin nan ba, ko da mijinta ne, kuma Nas a matsayinta na ma'aikaciyar asibiti ta fi kowa sanin haka.

"Na sani. Ban zo jin sirri ba, sirrin yana gidana a kan firji. Na zo ne in tambaya ko abin naku yana da na ragewa. Kin buɗe famfo kin tafi da kan."

"Zane yake yi?"

"Yana shafa fenti."

"Yana jin daɗi?"

"Shi kaɗai."

Likitar ta ce ita ba ta koyar da zane, ko da'ira ba ta iya yi daidai ba. Abin da take yi shi ne taimaka wa mutum ya daina rawar jiki a gaban abin da yake so. Iyawa kuma wani abu ne daban, sai an yi ta yi, an yi marar kyau da yawa tukuna. Wanda ya daɗe a tsaye, in ya fara tafiya ba a tsammanin ya yi ta da kyau.

"Wato mu ne za mu sha marar kyan."

"Wani dai zai sha," in ji likitar. "Kin gaji, ko? Tun da kika shigo kafaɗunki suna wajen kunnenki. Jingina mana, ba abin da zan yi miki."

Nas ta ce ita irin wannan abin ba ya kama ta. Ta jingina ne kawai don bayanta yana ciwo, kuma don ta nuna wa matar cewa kujera kujera ce. Ta ci gaba da bayani a kan tankin ruwa da Yaya da jikoki, likitar tana cewa "to" a hankali, tana cewa ta ja numfashi kafin ta ƙarasa. Nas ta ja, don a wuce wurin.

Da ta buɗe ido hasken tagar ya koma ja. An lulluɓa mata mayafi a ƙafa, jakarta tana ƙasa, gefen bakinta a jiƙe. Likitar tana can tana ba furenta ruwa.

"Me kika yi mini?"

"Ban kai ga yin komai ba. Barci kika yi, na gaske. Har da minshari."

Nas ta tashi ta gyara hula, ta ɗauki jaka, ta yi sallama a taƙaice. Abin haushin shi ne rabon da ta ji jikinta sakayau haka har ta manta. Yaya ta bugo waya tana tambaya ko an rage, Nas ta ce ana kan magana.

Ba a daɗe ba Injiniya ya zo da labari. Ɗakin karatu na gari zai yi baje kolin zane na waɗanda ba sana'arsu ba ce, kowa ya kawo guda ɗaya, kuma ya ba da sunansa. Wanne zai kai? Ya ce sabo ne, ba za ta gani ba sai ranar. Ya koma rufe ƙofa. Nas ta ce Allah ya sa maƙwabcin ne, shi dama ba ya fita.

Ranar ta zo. Zauren dogo ne, an jera zane a bango biyu, an ajiye lemo a tebur. Akwai furanni da yawa, akwai faɗuwar rana har ta yi yawa, akwai wani doki da ƙafafunsa suka fi na gizo-gizo tsawo. Yaya ta zo, abokan aikin Nas su ma sun zo, don ita da bakinta ta gayyace su a zo a sha dariya. Nas tana shiga ta ga sun taru a can ƙarshen zauren, suna ganinta kuma suka dare suka ba ta hanya.

Ita ce a bangon, kusan girmanta na gaske. Tana zaune a kujerar falonsu da kayan asibiti, barci ya kwashe ta, kai ya karkace, baki a buɗe. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya kife a gefe. Jakarta tana cinya ba ta ko ajiye ba. Kujerar ta fito daidai har ƙusoshinta, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tsayar da Nas shi ne kafaɗun. A karon farko mijinta ya zana kafaɗar da ba a miƙe take ba. Sun zube, sun saki, kamar na wadda ta wuni tana ɗaga mutane. Ba ta san yana kallonta a irin wannan lokacin ba. Ba ta ma san haka take ba.

Bakin dai a buɗe yake, gaban duk wanda ta gayyato.

"Sannu," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Duk shekarun nan ba ka taɓa ganina da baki a rufe ba ne?"

"Ban taɓa ba," in ji shi.

Kafin ta amsa sai aka fara tafi. Masu shirya taron sun gayyato wani malami daga kwalejin zane ya zagaya ya yi tsokaci. Dogo ne mai gilashi rataye da igiya a wuya, yana tafe mutane suna bin sa. A gaban kowane zane zai ɗora gilashin a hanci, ya faɗi magana ɗaya, a yi dariya, mai zanen ya yi murmushin dole. Ya gama da dokin, ya iso kan na Injiniya.

"To," in ji shi. "Kujera dai an iya. Wanda ya yi wannan ya buɗe shagon kafinta, zai samu ciniki. Amma ku dubi hannuwan nan. Wannan hannu ne ko cokali mai yatsu? Babban yatsan daga ina ya tsiro? Baiwar Allah ta yi hatsari ne, ko haka aka haife ta?" Aka yi dariya. Ya sauke gilashin. "Matsalar zamanin nan ke nan. Kowa an ce masa zai iya."

Nas ba shi take kallo ba. Mijinta take kallo. Yana tsaye da murmushi a fuska, amma hannunsa na dama yana gefen wandonsa, yatsu biyu suna murɗa iska. Ya murɗa, ya sake murɗawa, ya sake. Wannan rediyon ya ƙi raguwa. Ta san fuskar nan sarai, ita ce wadda yake fitowa da ita duk Asabar ya ce haske bai yi ba.

Ta matsa gaba har ta tsaya daidai gefen zanen, inda kowa zai ga fuska biyun.

"Malam, baiwar Allahn ce da kanta. Ban yi hatsari ba, na gode da tambaya."

Dariyar ta canza hanya. Mai gilashi ya fara cewa ai shi ba da ita yake ba.

"Na sani, da shi kake. Ina naka yake? Na zagaya bangon nan duka ina neman wanda za mu koya daga gare shi, ban gani ba. Ko hasken yau bai yi ba ne?" Malamin ya ce shi an gayyato shi ne ya yi tsokaci. "Ashe. Aiki mai wahala. Mutum ya bar gidansa ya zo har nan ya gano cewa masu koyo ba su iya ba. Mu a asibiti in mutum ya fara takawa bayan doguwar jinya, ba ma kiran mai tsere ya zo ya yi masa dariya, amma kowane wuri da tsarinsa. Ka sha lemo kuwa? Ka sha, maƙogwaro yana bushewa in ana aikin baki kaɗai. Ni na sani."

Mutumin ya mayar da gilashinsa hanci, ya ce lokaci yana tafiya, ya wuce zuwa wata faɗuwar rana. Wannan karon mutane kaɗan ne suka bi shi. Yaya ta matso ta dubi zanen, ta dubi Nas, ta ce ita dai an cuce ta, me ya sa wata ta samu kafaɗu ita ta samu tanki.

Da aka tashi suka tari tasi. Zanen ya ƙi shiga but ɗin motar, dole suka shiga baya suka ɗora shi a kan gwiwoyinsu, Nas tana fuskantar buɗaɗɗen bakinta. Suka kama hanya. Can Injiniya ya yi gyaran murya.

"Gaskiya ya faɗa ko?"

"A kan hannun? Gaskiya ya faɗa. Cokali mai yatsu ne, har ma ya yi maka sauƙi."

Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga yatsu ba, jira yake ta ci gaba.

"Sauran kuma ba ruwansa," in ji ta, tana kallon taga. Sai ta juyo ta ɗaga hannunta a gabansa. "Duba nan. Kai ka jera su biyar a layi ɗaya kamar sandunan katanga. Babban yatsa ba a layinsu yake ba. Daga nan ƙasa yake tasowa, kusa da wuyan hannu, ka ga tudun nan? Taɓa ka ji."

Ya taɓa, ya juya hannun, ya sake dubawa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce ya ji ana yin ajin yamma a kwalejin, na manya, yana tunanin shiga.

"Ka shiga. Ba ajin mai igiya a wuya ba dai."

Direban ya leƙo ta madubi. "Mama, ke ce a jiki? Kamar ki sak wallahi, musamman bakin."

"Kai dai kalli hanya, ɗana, kada a zana mu a jarida."

Injiniya ya laluba aljihu ya zaro fensir. Ya karkata firam ɗin ya sami katakon baya, ya ce ta tsaya haka kada ta motsa. Motar tana faɗawa rami fensirin yana zamewa, yana gogewa da yatsa yana sakewa. Nas ta ce hannunta ya gaji, ta ce ita ba gunki ba ce, ta ce wanda ya zana ɗin ma ya fi kama da ƙugiya. Ba ta sauke hannun ba har suka shigo layinsu.